Abincin talaka a Bronx

Yaya, kin ce in faɗa miki tsakani da Allah ko a Amurka ma ana kwana da yunwa. Ana yi, amma abin da na fi gani a nan Bronx, wani yanki na birnin New York, shi ne cikin talaka ya cika da abin da zai ja masa ciwon sukari da hawan jini. Ƙananan kantunan unguwa, waɗanda suke kira bodega, lemon kwalba da biskit da soyayyen dankali ne maƙil, ga araha. Ganye mai kyau kuwa, a layinmu sai kin hau bas.

Abin da ke ƙona min rai, kasuwar Hunts Point a Bronx ɗin take. Ki ɗauka 'Yankaba ta Kano ce aka ninka ta sau da yawa. Cikin dare tireloli ke sauke tumatir da albasa da kabeji, kafin asuba an kwashe zuwa gidajen abinci da manyan kantunan New York, alhali maƙwabtan kasuwar suna cikin mafiya talauci a birnin. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Taimakon gwamnati ba buhun shinkafa ba ne. Kati ne na shirin SNAP, a zuba kuɗi duk wata, mutum ya sayi kayan abincin da yake so, ba turereniya, ba ɗan siyasa mai ɗaukar hoto. Wannan mutuncin ya burge ni. Sai dai katin ba ya sayen abinci mai zafi. Maƙwabciyata mai kula da tsofaffi takan dawo ƙarfe goman dare a gajiye, katin zai saya mata ɗanyar kaza, gasasshiya kuwa a'a. Kuma dokar da Trump ya sa wa hannu a Yulin 2025 ta ƙara tsaurara sharuɗɗa, baƙi 'yan ƙasashen waje da dama sun fita daga shirin.

Gyaran da na fi yarda da shi na birnin ne: a kasuwar manoma, duk dala 2 da kika kashe da katin za a ƙara miki takardar dala 2 ta sayen kayan lambu, har dala 10 a rana. Na ga wata dattijuwa 'yar Gana ta cika jaka da alayyafo da kuɓewa tana ta hamdala. Tun 2017 kuma abincin rana kyauta ne ga duk ɗan makarantar gwamnati.

Amma Yaya, a manyan kantunan nan ba mai auna miki man gyaɗa na cokali biyu, ba mai cewa tafi da shi, kya biya ƙarshen wata. Ranar da katin maƙwabciyata ya ƙare, tukunyata muka raba.