Yaya, kafin in aiko maka da ƙwallayen golf ɗin da ka ce

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, ya jikin Hajiya, ya yara da makaranta? Mu nan Aberdeen sai godiya. Sanyi ya fara sauka, yini kuma sai gajarta yake yi.

Saƙonka ya same ni. Ka ce in na samu mai tahowa gida in haɗo maka dozin biyu na Pro V1, ƙwallon golf ta kamfanin Titleist, saboda ka gaji da ganin ƙwallonka ta sauka kusa da rami ta ci gaba da gangarawa, kuma abokan wasanka sun ce maka wannan ce mai cijewa. Ba ƙarya suka yi ba. Amma dozin biyun nan kuɗinsu ya kusa fam 100, kuma filin da aka ƙera ƙwallon dominsa daban yake da filin da kake wasa a kai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka abin da na gani da idona a shekaru ukun da na yi ina wasa a nan, sannan ka yanke shawara.

Ka san yadda muke sayen ƙwallo a gida. Yaran da ke tsinto su a cikin ciyawa da kwazazzabo su kawo su a leda, ka tsuguna ka tona, wadda ta fi fari ita ce ta fi kuɗi. Ban taɓa jin ɗayanmu ya tambayi abin da ke cikinta ba. Ranar da na fara shiga kantin kayan golf a nan, sai na tarar da bango guda ƙwallaye ne zalla, kowane kwali an rubuta a bayansa hawa nawa ce, da me aka yi fatarta, wane irin ɗan wasa aka nufa da ita. Dattijon da ke kantin bai tambaye ni nisan da nake bugawa ba. Abin da ya tambaye ni shi ne, in saura yadi 30 tsakanina da tuta, so nake ƙwallon ta sauka ta tsaya, ko ta sauka ta gangara? Na kasa ba shi amsa, don ban san ana zaɓar ƙwallo ta wannan fuskar ba. Ya ce su a nan daga bakin rami ake fara zaɓe a koma baya, saboda a bugun farko mai nisa ƙwallayen zamanin nan duk kusan wuri ɗaya suke sauka ga irinmu, bambancin sai an matso kusa yake fitowa.

A waje dai duk ɗaya suke, don doka ta ɗaure su. Hukumar dokokin golf ta R&A da ke St Andrews, nan kudu da mu, da takwararta USGA ta Amurka sun ce nauyin ƙwallo kada ya wuce giram 45.93, faɗinta kuma kada ya gaza milimita 42.67. Ka tuna ƙananan ƙwallayen nan da muke tsinta muna yara, muna cewa na mata ne? Ashe tsohuwar ƙwallon Burtaniya ce, wadda aka daina amincewa da ita a 1990. Tun daga nan girman ya zama ɗaya a duniya.

To a ina bambancin yake? A fata. Ƙwallaye gida biyu ne. Gida na farko masu hawa biyu ne, wato dunƙulen roba a ciki da fata mai tauri a waje, wadda ake yi da wani roba da ake kira ayonoma, wasu su ce Surlyn. Su ne masu araha, dozin wajen fam 20, ba sa saurin ƙujewa, kuma suna son gudu a ƙasa. Gida na biyu masu fatar wani roba ne da ake kira yuretan, hawa uku zuwa biyar: Pro V1 hawa uku ce, Pro V1x huɗu, TP5 ta kamfanin TaylorMade biyar. Su Z-Star ta Srixon da Chrome Soft ta Callaway da Tour B ta Bridgestone, wadda Tiger Woods ke bugawa, duk 'yan wannan gida ne. Fatar yuretan siririya ce kuma mai laushi, a ƙarƙashinta kuma akwai hawa mai tauri. In ka sare ta da weji, wato sandar bugun kusa da rami, sai fatar ta matse tsakanin ƙarfen sanda da wancan hawa mai tauri, tsagin da ke fuskar sandar ya kama ta kamar yadda haƙori ke kama nama, ta tashi tana juyi da baya kamar katantanwa. Wannan juyin ne birkinta in ta sauka a kan ciyawa. Mai fata mai tauri kuwa zamewa take yi a fuskar sandar, ta ɗan fi tashi sama, juyinta bai kai ba, in ta sauka sai ta ci gaba da tafiyarta.

Akwai wani ruɗu da na faɗa ciki, kuma ina so ka kiyaye shi. Kwalaye da yawa an rubuta musu cewa ƙwallon mai laushi ce. Ni na ɗauka laushi shi ne cijewa. Ba haka ba ne. Yawancinsu cikinsu ne mai laushi, fatar kuwa ta ayonoma ce. Za ka ji daɗinta a hannu, ba ta yin ƙarar nan mai kama da an bugi dutse, amma a kusa da rami ba ta da birki. In cijewa kake nema, kalma ɗaya za ka duba a kwalin: da me aka yi fatar.

Kawu ya sha ba mu labarin ƙwallon balata, wadda turawan kamfani ke bugawa a zamaninsu, mai zaren roba a naɗe a ciki. Tana juyi sosai, amma sara ɗaya ba daidai ba sai fatarta ta tsage. A lokacin dole mutum ya zaɓa, ko nisa da ƙarko, ko juyi. Abin da ya sa sunan Pro V1 ya cika duniya shi ne ta haɗa biyun. A watan Oktoba na 2000 kamfanin Titleist ya kai ta gasar ƙwararru a Las Vegas, Billy Andrade ya lashe gasar da ita, kuma ba a daɗe ba masu zare suka ɓace daga jakar ƙwararru. Saboda haka sunan da abokanka suka ji ba na banza ba ne.

Abin da ya fi burge ni a nan ma ba kayan ba ne, yadda ake barin mutum ya gwada ne. Ba sai ka sayi dozin ba, ana sayar da 'yar kwali mai ɗauke da uku. Manyan kantuna suna da ɗaki mai na'urar da ke auna saurin ƙwallo da yawan juyinta, ka buga a raga, lambobi su fito a allo. Ni dai na fi yarda da ƙasa. Garin nan yana da filaye na gwamnati da kowa ke iya shiga ya biya kuɗin yini, ba sai ɗan kulob ba: Hazlehead a cikin itatuwa, Balnagask a bakin tashar jiragen ruwa, da Kings Links kusa da filin ƙwallon ƙafa na Pittodrie. A bazara rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, don haka in na tashi aiki ina da lokaci. Wata yamma na ɗauki iri uku na tafi wurin atisaye, na tsaya kamar taku ashirin daga tuta na yi ta bugawa har hannuna ya gaji. Gani ya kori ji, Yaya. Mai yuretan in na same ta daidai sai ta yi tsalle ɗaya, biyu, ta dafe. Mai hawa biyu da bugu iri ɗaya sai ta wuce tutar da taku huɗu ko biyar. Amma na lura da wani abu: duk lokacin da ban sare ta da tsabta ba, ko ciyawa ta shiga tsakanin sanda da ƙwallo, ko raɓa ta jiƙa fuskar sandar, mai tsadar ma gangarawa take yi kamar 'yar'uwarta. Ƙwallon tana ba da juyi ne kawai ga hannun da ya iya fitar da shi.

Sannan ga iska. Kings Links a bakin Tekun Arewa yake, ƙasar yashi ce mai tauri, iska kuma ba ta hutawa. Tsofaffin garin da nake haɗuwa da su, wasu sun haura shekara 70, ba su damu da ɗaga ƙwallo sama ba. Sanda mai lamba 7 ko 8 suke ɗauka su tura ta ƙasa-ƙasa, ta sauka tun kafin girin, wato wurin da ke kewaye da rami, ta gangara zuwa ramin. Da na gani sai na tuna yadda muke yi a gida lokacin hunturu, in ƙasa ta bushe ta zama kamar daɓe. Wasu daga cikinsu ƙwallo mai araha suke bugawa shekara da shekaru, kuma suna kai ta bakin rami fiye da ni, don sun san iya gudunta. Ɗayansu ya ce mini babbar matsalata ita ce jakata cike take da iri daban-daban, yau wannan gobe waccan, hannuna bai san da wa yake magana ba. Wannan maganar ta shige ni, domin haka dukanmu muke wasa a gida, abin da leda ta kawo shi ake bugawa.

Batun kuɗi kuma akwai hanyoyi. Tun 2019 doka ta rage lokacin neman ƙwallon da ta ɓata zuwa minti 3, kuma a nan akwai wata ƙaya mai furen rawaya da in ƙwallo ta shige ta sai dai ka haƙura. Jefa fam 4 a ƙaya sau uku a yini ba ƙaramin abu ba ne ga mai aikin albashi. Kantin Costco, wanda ke da reshe a wajen garin nan, yana sayar da tasa ƙwallon mai suna Kirkland, hawa uku da fatar yuretan, dozin biyu a kuɗin da bai kai na dozin ɗaya na Pro V1 ba, sai dai sai mai katin zama mamba. Akwai kuma ƙwallayen tafki. Sana'a ce sosai a nan: masu nutso su shiga tafkunan da ke cikin filaye su kwaso dubbai, a wanke, a ware su daraja-daraja, a sayar a rabin kuɗi ko ƙasa da haka. Aikin yaranmu masu leda ne dai, sai dai an sa masa tsari, kuma an gaya maka darajar abin da kake saye tun kafin ka biya. Masu daraja ta farko na saya sau da yawa ban yi nadama ba. Wanda zan gargaɗe ka a kai shi ne waɗanda aka sake wa fenti. Na taɓa sayen irinsu a intanet wurin wani mai sayarwa, sun zo fari fat da tambari sabo, amma kafin rami na tara fentin ya fara ɓarewa, abin da ke ƙasa kuma tsohuwar ƙwallo ce da ta sha ruwa. Araha ba ta ado. In wani ya kawo muku Pro V1 sabuwa dal a kuɗin da ya yi daɗi fiye da kima, ka yi hattara, har jabu ana yi.

Yanzu mu dawo filinka. Kai ba a kan ciyawa kake kammala rami ba, a kan burawun ne, yashi da aka cakuɗa da baƙin mai, wanda sai mai shara ya ja buhu ya daidaita maka hanya kafin ka tura. Ƙwallon da ta faɗo daga sama a kan burawun, yashin ne ke kama ta, ko mai tsada ce ko mai araha. In kuma ta sauka a gabansa, a kan busasshiyar ƙasa, to babu juyin da zai tsayar da ita, tsalle za ta yi ta wuce. Ina zargin wannan ne ke faruwa da kai, ba laifin ƙwallo ba. Ga kuma tsakuwa da marmara: fatar yuretan da ke cije ciyawa ita ce kuma ke saurin ƙujewa, zagaye ɗaya a filinmu da rani zai sa ta yi kaushi. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Inda Pro V1 za ta biya ka kuɗinta shi ne ranar da ka je Abuja wasa a filin IBB, ko Ikoyi a Legas, inda girin na ciyawa ne ana ba shi ruwa.

Ga abin da na shirya. Dozin biyu na Srixon AD333, mai hawa biyu ce da mutanen nan suka yarda da ita, ka riƙe ta ita kaɗai a filin gida har hannunka ya saba da gudunta, ka fitar da sauran tarkacen daga jaka ka ba yara masu koyo. Na zaɓo maka dozin ɗaya daga ciki rawaya, don ta fi fitowa a cikin ƙurar hunturu. Sai Pro V1 guda shida na tafiyar Abuja, kuma kafin ranar gasa ka samu ko awa ɗaya ka gwada su a girin ɗin can, kada ka fara haɗuwa da su a rami na farko. Na sa ɗan burushin ƙarfe na goge tsagin sanda, ka riƙa share wejinka kafin kowane bugu. Ka kuma ɗauko mini hoton fuskar wejin nan naka ka turo ta WhatsApp, don in shi ne wanda na bari a hannunka tun kafin in taho, ina jin tsaginsa ya cinye, kuma sanda mai sulɓi ko wace ƙwallo aka ba ta ba za ta juya ta ba. In haka ne, da kuɗin da ya rage zan nemo maka na hannu mai kyau, akwai su da yawa a nan.

Mai tahowar zai taso ƙarshen wata, in sha Allahu, zan turo maka lambarsa in ya tabbatar da ranar. A gaida Hajiya da kyau, a ce mata maganin ƙafar yana cikin jakar. A gaida Kawu, ka karanta masa wurin balata, na san zai ƙara maka da nasa.