Na biya mai feshi naira 40,000, kuɗin cizo suka dawo kafin wata ya mutu

Kyankyasai kam ya kashe su, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai ba don su na kira shi ba. Kuɗin cizo ne suka shigo mana a akwatin yarona da ya dawo hutu daga makarantar kwana, kafin mu farga sun cika ɗakin yara sun tsallaka kujerun falo.

Maƙwabciyata a nan Badariya ce ta ba ni lambarsa. Ya zo ya ɗaga katifa, ya leƙa bayan gado, ya ce ɗaki uku da falo da kicin da ban ɗaki 55,000. Muka ja har 40,000, kuɗin kabu-kabun yaransa a kaina. Na ce masa ƙwan nasu fa? Ya ce, "Hajiya, wanga magani ɗan waje ne, ko ƙwai ba shi bari. In kin sake ganin guda, kira ni, kyauta ne." A gaban maigida ya faɗa.

Ranar aiki yara biyu suka zo da famfon goyo irin na feshin gonar shinkafa, ɗaya da takunkumi, ɗaya ya naɗe hanci da rawani. Maganin a gorar ruwa yake, babu takarda babu suna. Aka ce mu bar gida daga hantsi zuwa la'asar. Da muka dawo warin da ya tare ni a zaure na fiya-fiya ne sak, wanda ba baƙo ba ne ga duk matar da ta taɓa zuwa kasuwa. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani barkatai saboda haɗarinsa, ga shi an watsa mini shi a kan katifar yara da sunan ɗan waje. Mun kwana a tsakar gida, autata tana tari.

Duk da haka da gari ya waye na sauko. Kyankyasan da suka fito daga ramin sokawe suka mutu, na share su sun kusa rabin bokiti, manya jajaye masu fiffike da ban san muna kwana da su ba. Kicin ya yi tsit, tururuwa ma ta ɓace. Har na yabe shi a zauren WhatsApp na matan unguwa, na ce kuɗina sun yi amfani.

To, kajina. Mutumin da ya ce sana'arsa ke nan bai ce mini a kulle kaji ba. Tun da asuba sun bi bakin sokawe suna tsattsage, kafin azahar zakarana ya faɗi yana dalalar da yawu, kaza mai 'yan tsaki ta bi shi. Na kira shi, ya ce, "Allah shi maida alheri, Hajiya," ya kashe waya. Ko sau ɗaya bai ce laifinsa ne ba.

Na haƙura da wannan tunda ana barci lafiya. Ba a yi mako biyu ba sai ga ɗigon jini a zanin gado, ga 'yan ƙanana farare a ɗinkin katifa. Ƙanen maigida duba-gari ne, shi ya bayyana mana cewa ƙwan kuɗin cizo yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, kuma yawancin magungunan feshi ba sa ratsa shi. Shi ya sa aikin gaske sau biyu ake yi, a bar kamar mako biyu tsakani. Ma'ana rabin aiki aka sayar mini a farashin cikakke.

Da na tuna masa alkawarinsa sai ya ce aikin hannu ne kyauta, magani kuwa ya tashi, in kawo 20,000. Na ce a gaban Alhaji ka faɗa fa. Ya ce ai shi ma saye yake yi.

Ban ba shi ko sisi ba. Zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu, da ke haura digiri 40, shi ya yi mana aikin. Muka ƙunshe katifu da filo a baƙar leda muka shanya a rana tsaka, muka kwance gadaje muka kwarara tafasasshen ruwa a duk mahaɗar katako, tufafi kuma wanki da guga mai zafi. Wahala ce, sai da muka maimaita, amma sun yi sauƙi ƙwarai.

Wadda kyankyasai suka dama za ta iya kiransa, ta kulle kajinta, ta ce ya zo da maganin a kwalbarsa ta asali. Na kuɗin cizo kuwa kada ta ba da duka kuɗin sai an yi zagaye na biyu. Jiya ma ya turo mini saƙo wai akwai rangwamen feshin sauro na damina, ban ko amsa ba.