AMD ko NVIDIA: wanne zai raba ka da baƙin sikirin bayan sabunta kanel?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Game da katin hotonka na NVIDIA da ya bar ka da baƙin sikirin bayan Linux ya sabunta kanel, wato zuciyar tsarin da ke haɗa manhajoji da sassan kwamfuta, har kake tunanin rabuwa da shi ka koma AMD, ga amsata ba tare da kewaye-kewaye ba: yau ka gyara wanda ke hannunka, domin da wuya a ce katin ne ya lalace, amma duk ranar da za ka sayi wani, ka sayi AMD, sai fa idan sana'arka ta dogara da aikin da ba ya yiwuwa sai da CUDA, fasahar NVIDIA ta yin manyan lissafi da katin hoto.

Bambancin katunan biyu a kan Linux ya samo asali ne daga inda direban kowannensu, wato manhajar da ke sarrafa katin, yake zaune. Masu kula da kanel ba su taɓa yi wa direbobin da ke waje alkawarin cewa tsarin cikin kanel zai zauna yadda yake ba, har ma akwai wani rubutu na Greg Kroah-Hartman a cikin takardun kanel ɗin da ke bayyana dalilinsu na ƙin yin wannan alkawari. Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya sauya wani abu a ciki, shi ne zai bi direbobin da ke cikin kanel ya daidaita su da sauyin. Direban AMD, wato amdgpu, ya shiga kanel tun daga siga ta 4.2 a shekarar 2015, saboda haka duk sabon kanel da ya fito, kusan kowane mako tara ko goma, yana zuwa ne da direban a jikinsa, an gina su tare. Na NVIDIA kuwa a waje yake. Ɓangarensa da ke shiga cikin kanel dole ne a sake gina shi domin kowane sabon kanel, kuma idan ginin bai yiwu ba, kwamfuta za ta tashi da sabon kanel, ta nemi direba ta rasa. A mafi rinjayen zato, abin da ya same ka ke nan.

Ni Radeon RX 6600 nake amfani da shi, kuma abin da ya fi sa nake ƙaunarsa shi ne ba ya tuna mini da kansa. Idan lokacin sabuntawa ya yi, nakan ga sabon kanel a cikin jerin, tare da Mesa (tarin buɗaɗɗun direbobin hoto na Linux) da linux-firmware (ƙananan manhajojin da ake loda wa na'urori), in amince, in sake kunna kwamfuta, shafin shiga ya bayyana da sikirin biyun da nake aiki da su, kowanne a inda na bar shi. A farko-farko nakan buɗe tagar umarni in rubuta lspci -k domin in tabbatar, in ga sunan amdgpu a ƙarƙashin sunan katin, daga baya na bar yin hakan saboda amsar ba ta taɓa sauyawa ba. Ranar da na ƙara yarda da shi ita ce ranar da na tayar da kwamfutar daga filashi domin in gwada wani nau'in Linux da ban taɓa sakawa ba. Kafin in girka komai, hoto ya fito da cikakken girmansa, bidiyo yana tafiya sumul, ban sauke ko fayil ɗaya ba. Akwai kuma dalilin da ya sa ɓangaren wasanni ya inganta: na'urar Steam Deck da kamfanin Valve ya fitar a 2022 da guntun AMD take aiki a kan Linux, kuma Valve yana biyan masu aiki a kan RADV, direban Vulkan (hanyar da wasanni ke magana da katin hoto) na katunan AMD da ke cikin Mesa. Gyaran da suka yi domin na'urarsu yana isowa ga mai katin tebur ma.

Ba zan ɓoye maka inda AMD yake da rauni ba. Tunda direban a cikin kanel yake, katin da ya fito kwanan nan yana buƙatar sabon kanel da sabon Mesa, don haka wanda ya sayi sabon samfuri ya saka shi a kan Linux mai tsohon kanel zai iya gamuwa da baƙin sikirin shi ma, sai dai nasa maganin sabuntawa ce. Katin yana kuma buƙatar ƙananan manhajojin da ake loda masa lokacin tashi, waɗanda a Debian suke cikin kunshin firmware-amd-graphics. Wani lokaci sabon kanel kan zo da kuskure a amdgpu, misali kwamfuta ta ƙi farkawa daga barci, sai an koma tsohon kanel kafin gyara ya fito. A 2024 ma hukumar da ke kula da HDMI ta ƙi amincewa a saka HDMI 2.1 a buɗaɗɗen direban, shi ya sa mai babban sikirin ya fi kyau ya yi amfani da wayar DisplayPort.

NVIDIA kuwa ba zan hana shi haƙƙinsa ba: katunansa suna da ƙarfi, kuma a aikin ƙirƙirarriyar basira da wasu manhajojin haɗa bidiyo da zane mai fuska uku, CUDA ya riga ROCm, takwaransa na AMD, nisa. A watan Mayun 2022 kamfanin ya buɗe rubutun ɓangaren direban da ke shiga kanel domin katunan Turing (jerin GTX 16 da RTX 20) zuwa sama, kuma daga direba na 560 a 2024 shi ne zaɓin farko. Ci gaba ne, amma har yanzu wannan ɓangare a wajen kanel yake, sake gininsa bai tafi ko'ina ba.

Yanzu ga gyaran. Ka sake kunna kwamfutar, ka danne Shift ko ka riƙa taɓa Esc har jerin GRUB, wato jerin zaɓin abin da kwamfuta za ta tashi da shi, ya fito, ka zaɓi kanel ɗin da ke ƙasa da sabon. A Ubuntu da Debian yana cikin layi na biyu na jerin, a Fedora kuwa tsofaffin suna nan a fili. Idan hoto ya dawo, to ka san katin lafiyarsa ƙalau. Arch ba ya ajiye tsohon kanel, shi ya sa masu amfani da shi suke girka linux-lts, kanel mai dogon tallafi, a gefe. Idan jerin ya ƙi fitowa, ka danna Ctrl da Alt da F3 a kan baƙin sikirin, sau da yawa za ka samu wurin shiga na rubutu zalla.

Daga nan ka rubuta dkms status. DKMS shi ne tsarin da kamfanin Dell ya ƙirƙira a 2003 domin ya riƙa sake gina irin waɗannan direbobi da kansa duk lokacin da kanel ya sauya. Abin da kake so ka gani shi ne lambar sabon kanel da kalmar installed a gabanta. Idan babu, abin da ya fi yawan jawo hakan shi ne ba a sauke kunshin linux-headers na sabon kanel ba, wato fayilolin da ake dogara da su wajen gina direba, wanda idan babu shi ginin ba zai ko fara ba. A nan akwai wurin da mutane da yawa suke tuntuɓe: idan da tsohon kanel ka tashi, umarnin uname -r lambar tsohon zai ba ka, kuma idan ka bi ta, za ka sake gina abin da dama yana aiki. Ka duba cikin /lib/modules ka ɗauko lambar sabon, ka sauke linux-headers mai wannan lambar daidai, sannan ka rubuta sudo dkms autoinstall -k ka biyo da ita. Ka kuma duba ko /boot ya cika, domin tsofaffin kanel sukan taru a wurin har sabon fayil ɗin tashi ya kasa rubutuwa. Bayan ginin, ka sabunta wannan fayil da sudo update-initramfs -u -k all a Ubuntu da Debian.

Idan ginin ya fara ya tsaya, dalilin yana rubuce a fayil ɗin make.log da ke ƙarƙashin /var/lib/dkms/nvidia, kuma layukan ƙarshe ne suke da muhimmanci. Idan ka ga yana ƙorafin cewa bai san wani suna ko wani aiki na kanel ba, to kanel ɗin ya riga direban gaba, babu abin da za ka iya sai ka zauna a tsohon kanel har sabon direba ya fito. Wannan ya taɓa faruwa a fili a 2020, lokacin da kanel 5.9 ya fito, NVIDIA da kansa ya shawarci mutane su jinkirta sabuntawa zuwa tsakiyar Nuwamba.

Akwai kuma halin da dkms status zai nuna komai daidai amma direban ya ƙi loduwa. A nan ka rubuta mokutil --sb-state. Idan Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da kwamfuta take lodawa lokacin tashi, a kunne yake, kanel ba ya karɓar direban da ba a sa masa hannu da mabuɗin da kwamfutar ta amince da shi ba, kuma idan ka gwada loda shi da sudo modprobe nvidia zai gaya maka cewa an ƙi mabuɗin. Maganin shi ne ka shigar da mabuɗin da mokutil --import, ka sake kunnawa, wani shuɗin shafi zai fito ya nemi kalmar sirrin da ka saka. Mutane da dama suna ganin wannan shafi su tsorata su wuce shi, alhali shi ne matakin da ya rage. Ubuntu ya rage wannan wahala ta hanyar rarraba direban da aka riga aka gina aka sa wa hannu, wanda umarnin ubuntu-drivers install yake ɗaukowa. A Fedora kuma, inda akmod-nvidia na RPM Fusion yake yin ginin a ɓoye, ka ba shi 'yan mintuna bayan sabuntawa kafin ka sake kunnawa. Abu ɗaya da nake roƙonka shi ne kada ka girka direba daga fayil mai ƙarewa da .run a kan wanda Linux ɗinka ya riga ya saka, domin mai kula da kunshe-kunshe bai san da shi ba, kuma sabuntawa ta gaba za ta cakuɗa sigogi biyu.

Shekarun katin su ne za su yanke hukunci na ƙarshe. Yawancin katunan GTX 600 da 700 sun tsaya a direba na 470, kuma na 580 shi ne na ƙarshe ga GTX 900 da GTX 10. Idan naka yana cikin waɗannan, kanel zai ci gaba da tafiya, direban kuma yana tsaye, don haka ka koma kanel mai dogon tallafi irin 6.6 ko 6.12, ka fara shirin sauya kati. Idan RTX ne, ka riƙe abinka, ka bi matakan da ke sama.

Ba ka tambaye ni ba, amma tunda maganar saye ta shigo, ka yi hattara da masu sayarwa. Na farko shi ne mai gyaran da zai kalli baƙin sikirin ya ce katin ya ƙone, ya karɓe shi a banza ya sayar maka da wani. Kada ka yarda sai ka gwada tsohon kanel ko ka tashi daga filashi. Na biyu su ne masu jabun kati, waɗanda suke ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010 su sauya masa manhajar ciki ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti. Alamarsa ita ce ramin VGA a bayansa, da faifan direba da za a haɗa maka a ce kada ka sabunta. Sunan da lspci yake nunawa zai iya zama na ƙarya, amma idan ka tashi daga filashi ka rubuta sudo dmesg ka nemi layin nouveau, buɗaɗɗen direban katunan NVIDIA da ke cikin kanel, sunan guntun na gaskiya zai fito: na asali GP107 ne, na jabu kuwa GF106 ko GF116 za ka gani. A Windows manhajar GPU-Z tana yi wa irin waɗannan alama. AMD ma bai tsira ba. Akwai RX 580 mai lakabin 2048SP, wanda ƙarfinsa ya fi kusa da RX 570, ana kuma sayar da shi ba tare da an faɗi lakabin ba. A cikin dmesg, amdgpu yana rubuta active_cu_number, wato adadin sassan lissafi da ke aiki a katin, na cikakken RX 580 36 ne, na wancan 32. Ga kuma katunan da aka yi haƙar kirifto da su aka sauya musu manhajar ciki. Duk mai sayarwar da ya ƙi bari ka saka katin a kwamfuta ka bar shi ya yi aiki har ya ɗauki zafi, ka bar masa kayansa.

Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ce, maganar sauya kati ba ta taso ba, gyaran ne kawai mafita. Idan ta tebur ce kuma katin tsoho ne, ka nemi RX 6600 ko wanda ya fi shi daga jerin 6000 ko 7000, domin sun daɗe a cikin kanel har sun zauna daram. Kafin nan, ka turo mana abin da dkms status da mokutil --sb-state suka nuna, da layuka ashirin na ƙarshen make.log, da sunan katin da nau'in Linux ɗinka, in sha Allah za mu gano inda ginin ya tsaya.