Rhino ko Bongo, wacce za ta yi jigilar kaka?

Ƙanena, tsakanin motocin ɗaukar kaya Kia Rhino da Bongo ɗin da kake tambaya, ka sayi Rhino ka huta.

Tawa tana hannuna shekara shida ke nan, a unguwar Aboabo da ke Kumasi, nan Ghana, take kwana. Daga watan Agusta, da masarar Ejura ta fara fitowa, ba na ganin gida sosai. Kafin ta ƙare ga doyar Atebubu da Kintampo, sannan masara ta biyu ta biyo baya wajen Disamba. Rhino tana ɗaukar kusan tan 5, kuma ƙasanta da tsayi, tana shiga har bakin gona inda manyan tireloli ba sa kusanta. Wata shekara ruwa ya tsare mu a wani ƙauye bayan Ejura, laka har gwiwa, ga buhuna cike da baya. Yaron motata ya ce mu sauke rabi. Na ce bari mu gani. Na saka giya ɗaya, ta yi gurnani kamar tsohuwar saniya ta fito abinta. Manomin mai kayan har yau ba ya kiran wani direba, kuma duk zuwa sai ya jefa mini doya biyar a gaban mota, na iyali. Gyaranta ma ba wuya, kowane bakanike a Suame Magazine, matattarar makanikai ta Kumasi, ya san cikinta kamar yunwarsa.

Bongo kuwa na taɓa saye, na yi wata bakwai da ita na sayar. Ba laifi in kayan cikin gari ne, daga Asafo zuwa Bantama. Amma tan 1 da ɗoriya, ka je Techiman, sama da kilomita 100, ka dawo, kuɗin mai ya cinye ribar.

Abu biyu dai: lasisin tuƙi ajin B ba zai yi maka a Rhino ba, ka je DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi, ka ɗaga aji. Kuma ka gyara birki kafin ka sauko gangaren Mampong da kaya, wurin nan ba ya wasa.

Ba ka tambaya ba, amma kaka na gabatowa dillalai suke fito da gawarwaki. A wanke inji, a fesa sabon fenti, a ce maka jiya ta sauka daga tashar jirgin ruwa ta Tema. Ni wani ya taɓa zuba wa inji baƙin mai mai kauri don kada in ji ƙara, sai da na kai Offinso asiri ya tonu. Ka je da bakanikenka, ba na mai mota ba. Ku tayar da ita da sassafe injin na sanyi, ku leƙa ƙarƙashi ku ga ko an yi wa sasi walda, ku gwada lambar sasin da ta takarda. Kada ka ba da ko sidi ɗaya na kafin alƙalami sai ka ɗora mata kaya ka hau tudu da ita. In mai ita ya ƙi, ka yi masa sallama.