Tsarin biyan waɗanda rigakafi ya naƙasa a Birtaniya: akwai kuɗin, amma ƙofar da ƙunci

A 2021 fitaccen makaɗin jita na Ingila, Eric Clapton, ya ce bayan allurar korona ta AstraZeneca hannuwansa da ƙafafunsa sun yi ta sandarewa da zugi. Daga nan ya koma mai jan hankalin jama'a kan illar rigakafi, har ya ce ba zai yi wasa a zauren da ake neman shaidar allura a bakin ƙofa ba. Abin da masu yaɗa labarin kan tsallake shi ne, tun 2016 ya bayyana cewa yana fama da ciwon jijiyoyi. Allurar ce, ko cutar da ke jiki tun da? Irin wannan tambayar tsarin gwamnatin Birtaniya na biyan waɗanda rigakafi ya naƙasa, wato Vaccine Damage Payment Scheme, ke amsawa, kuma babu ruwansa da suna ko yawan mabiya.

Dokar 1979 ce ta kafa shi, aka sa allurar korona a ciki a Disamba 2020, kuma tun Nuwamba 2021 hukumar NHS Business Services Authority, wani sashe na NHS, wato tsarin kiwon lafiyar gwamnati, ke tafiyar da shi. Ana biyan fam 120,000 sau ɗaya, babu haraji. Cike fom bai da wahala: lambar NHS, sunan allurar, ranar da aka yi ta, da sunayen likita da asibitocin da suka duba mutum, sai izinin a karɓo bayanansa. Babba yana da wa'adin shekara 6 daga ranar allura ya nema. Yaro kuwa sai ya cika shekara 2 ake nema masa.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharuɗɗa biyu. Dole likitan tantancewa ya gamsu cewa zargin allurar ya rinjayi duk wani dalili, sannan naƙasar ta kai kashi 60 cikin 100. Ma'aunin an aro shi ne daga na raunin ma'aikata a wurin aiki, inda rasa hannu ɗaya ke kashi 60, rasa ido ɗaya kashi 40. Ke nan mutum na iya samun amincewa cewa allurar ce ta jawo masa daskarewar jini, cutar da ba kasafai take aukuwa ba amma hukumomi sun tabbatar da alaƙarta da AstraZeneca a 2021, duk da haka ya tashi a tutar babu saboda an kimanta shi da kashi 50. Ciwon da ba ya fita a hoto ko gwajin jini, kamar kasala da zugin jijiya, shi ya fi shan wuya, domin da takardun asibiti ake hukunci. Wanda bai je wurin likita ba lokacin da abin ya fara, ya rage wa kansa hujja. Jinkiri ma yawanci daga jiran takardun nan yake tasowa.

Abin yabo: karɓar kuɗin bai hana mutum kai ƙara kotu, kuma idan an ƙi shi yana iya neman a sake dubawa, sannan ya ɗaukaka ƙara. Abin zargi: tun 2007 ba a ƙara ko kwabo a kan fam 120,000 ba, babu matakin biya ga mai ƙaramar naƙasa, kuma kuɗin na iya taɓa tallafin Universal Credit da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, don haka a sanar da ofishin tallafi da zarar sun shigo.