Man ƙulin da nake saya wajen matan ƙauye, wata huɗu ina suya da shi

Tun da na saka hoton cincin ɗin nan na bikin ƙanwata mutane ke ta tambayata wane mai nake amfani da shi, to bari yau na zauna na faɗa muku komai, mai daɗin da mara daɗin. Sana'ata suya ce, cincin, dubulan, alkaki, ranar Juma'a kuma ƙosai, saboda haka maganar mai ba wasa bace a wajena, shi ne rabin jarina.

Man na wata ƙungiyar mata ce a wani ƙauye ta bayan Dawakin Kudu, yayar mijina ce ta haɗa ni da su. Da farko ban ɗauke shi da muhimmanci ba dan na sha sayen man ƙuli a kasuwa na dawo gida na tarar an yi masa algus, sama ƙamshin gyaɗa ƙasa wani abu daban. Kun san dai yanzu duk man da yake fari a jarka man gyaɗa muke ce masa, alhali in kika juya bayan galan ɗin kika karanta yawanci na waken suya ne ko kuma manja ne da aka tace ya zama fari, shi yasa da sanyin hunturu ya shigo sai ki ga ya yi barci a kwalba sai kin sa shi a rana. Manjan nan kuma wani daga waje ake shigo mana da shi, Indonesiya da Maleshiya su ke da kusan kashi 85 cikin 100 na wanda ake yi a duniya, kuma an sare dazuka masu yawa a can kafin a dasa bishiyoyin. Mu da muke da ƙasar gyaɗa a bayan gida!

Ranar da jarkar farko ta zo ina buɗe murfin ƙamshi ya cika kicin ɗin, irin ƙamshin gidan kakarmu ranar da ake murzar ƙuli. Kalarsa ruwan zuma ce mai ɗan duhu, in kin ɗiga a yatsa kin murza yana da ɗan nauyi. Na gwada shi da ƙosai, ya tashi fes bai sha mai ba, sannan na yi cincin kwano uku da shi bai yi baƙi da wuri ba. A wake da shinkafa kuwa ba a magana, ɗanyensa ma kika zuba da yaji ya wadatar, yarana har ƙari suke nema.

Abinda ya sa na riƙe su dai ba ƙamshin kaɗai bane, zuwan da na yi ne na gani da idona. Na tarar da su a ƙarƙashin rumfa sun baza gyaɗa a tabarma suna tsinta ɗaya bayan ɗaya, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna tana gefe da faranti, duk ƙwayar da ta motse ko ta yi baƙi ko ta yi fumfuna nan take jefa ta. Na ce Inna wannan aikin ai zai cinye muku yini, ta ce min 'yar nan abinda jikana zai ci ne ai. Kuma gaskiyarta, dan fumfunar gyaɗa ita ke kawo gubar nan da ake kira afulatoksin mai lalata hanta, ba ta da ɗanɗano balle ki gane, suya kuma ba ta kashe ta gaba ɗaya, tafi ma taruwa a tunkuza wato a ƙuli-ƙulin da muke ba yara. Akwai maganin rage wannan gubar da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona kafin gyaɗa ta yi fure, na ba su labarinsa, amma ko da shi sai an busar da gyaɗar sosai an ajiye inda ba laima.

Wallahi abinda ya burge ni shi ne babu abinda suke zubarwa. Ɓawon gyaɗar da shi suke hura wutar suya a murhun ƙasa da suka gina mai ƙaramin baki, itace kaɗan suke ƙarawa, wanda duk wadda ta san yadda ake sare bishiya a yi gawayi a yankunanmu ta san wannan ba ƙaramin abu bane. Tokar a kwashe a kai gona. Tunkuza a yi ƙuli-ƙuli da garin yajin tsire. Harawar kuma tumaki da awaki su ci da rani, takinsu ya koma gonar. Ita kanta gyaɗar saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi yasa mazajensu ke juyawa, bana gyaɗa baɗi gero ko dawa a wurin, buhun takin zamani da za a saya ya ragu. Irin da suke shukawa SAMNUT 24 ne, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya ta fitar a 2011 tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ICRISAT, yana nuna cikin kamar wata uku kuma yana jure cutar nan da ke nannaɗe ganye ta tsumburar da gyaɗa. Wannan cutar ce ta yi mana mummunar ɓarna a 1975 bayan farin 1973, ga kuɗin fetur ya shigo aka juya wa noma baya, daga nan dalar gyaɗar Kano da ake ta ba mu labari ta zama sai a hoto, alhali a shekarun 1960 Najeriya ce ta fi kowa fitar da gyaɗa waje. Ina tsaye a rumfar nan ina kallon man yana tsiyaya daga injin matsa cikin bokiti sai naji abin ya taɓa min zuciya.

To yanzu abinda ban ji daɗinsa ba. Tsada, ya fi man kanti kuɗi sosai kuma farashin baya tsayawa, da kaka ya sauko da bazara ya haura yadda gyaɗa ke hawa a kasuwar Dawanau. Mai sana'a irina sai ta yi lissafi, ni dai dubulan da alkaki na oda nake yi da shi, ƙosan Juma'a na kan haɗa da wani. Sannan da yake ba a tace shi irin na kamfani ba yana kumfa a farkon suya, musamman in ƙullun yana da ruwa, kar ki cika kasko ki barshi ya yi zafi sosai tukunna, ni ina jefa yankan albasa. Kuma ƙamshin nan da nake yabo ba ko'ina yake shiga ba, na saka a kek ya danne ƙamshin bota, ban sake ba.

Babban abin da ya dame ni shi ne mazubi. Tsofaffin jarkoki suke wankewa su zuba, jarka ta biyu murfinta bai kama ba sai leda aka naɗa, kafin ta iso gida ta jiƙe kwalin, ƙasanta kuma akwai gurɓin tunkuza da ya kwanta, sai da na tace da kyalle mai tsafta. Babu takarda a jiki, ba ranar da aka yi shi, ba lambar NAFDAC, kuma babu sinadarin bitamin A da doka ta ce masu kamfani su riƙa sakawa a man girki, mai ƙananan yara ta san da wannan ta riƙa haɗa musu da manja da zogale da karas. Na yi wa shugabarsu magana na ce Hajiya ko da biro ne a riƙa rubuta ranar matsa a manna a jiki, dan man da ba a tace ba in ya daɗe ko ya sha rana yana canja wari. Ta karɓi maganar da kyau, jarkar da ta zo satin jiya da 'yar takarda a manne.

Shawarata in za ki saya kar ki ɗauki wanda ya wuce na wata biyu, ki ajiye a inuwa ki rufe da kyau, in da hali kije da kanki ki ga yadda suke tsintar gyaɗar kafin ki biya. Ni yanzu jarkata nake aika musu sabuwa mai murfi biyu, na kuma ba da kuɗin ta azumi tun yanzu da gyaɗa ke da sauƙi.