Sharhi: Yadda na sa aka goge bashin da na riga na biya daga rahotona

Mutane da yawa a Najeriya ba su san cewa akwai kamfanonin da ke ajiye tarihin bashinsu ba, sai ranar da banki ya hana su rance. Guda uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna da ƙananan bankuna da wasu manhajojin bashi na waya suna aika musu bayanai, su kuma su haɗa komai da lambar BVN ɗinka, wato lambar da bankuna ke tantance ka da ita. Daga nan ake fitar da maki. Na CRC, misali, yana tsakanin 300 da 850, kuma yawan makin shi ne yawan yardar da za a yi maka.

Na yi hulɗa da ɗaya daga cikinsu ne bayan na nemi wani bankin da ba ya karɓar kuɗin ruwa ya saya mini keken ɗinki na zamani in riƙa biya a hankali, aka ce sunana na ɗauke da bashin da ba a biya ba. Bashin nawa ne, na wani ƙaramin banki, amma na gama biyansa tuni har da rasit.

Abin da ya fara burge ni shi ne samun rahoton bai yi wuya ba. Dokar 2017 kan rahoton bashi ta ba kowa damar karɓar nasa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma da na cika fom ta intanet na sa BVN, ya iso ta imel. A ciki akwai sunan mai bin bashi, ranar da aka karɓa, adadin kuɗi, da watannin da aka ce an makara. A nan na ga inda gizo ke saƙa: biyan ƙarshe da na yi ba a taɓa shigar da shi ba, saboda haka kowane wata ana ƙara rubuta cewa na ƙi biya.

Gyaran ne ke buƙatar haƙuri. Kamfanin rahoton ba ya goge komai da kansa, ko da ka nuna masa hujja ƙarara. Zai karɓi ƙorafinka, ya tura wa wanda ya aiko da bayanin, ya jira amsa. Ma'aikaciyar da ta kira ni ta yi mini bayanin wannan cikin mutunci, ta kuma ce in je bankin in nemi takardar shaidar cewa ba sa bina komai. Wannan shawara ita ce ta fi komai amfani. A bankin sai da aka yi ta ce mini "Malam, ka dawo gobe", har na rubuta musu ƙorafi, na sa aka buga hatimi a kwafina, na tuna musu cewa idan makonni biyu suka wuce ba a warware ba ina da damar kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Bayan haka takarda ta fito, na tura ta tare da rasit da bayanin shige da ficen kuɗin asusuna, sabon rahoto ya nuna an rufe bashin, maki kuma ya tashi.

Abin da bai yi mini daɗi ba, kuma har yanzu yana damuna, komai da Turanci ne, komai ta imel. Ina tunanin mai shayi ko 'yar kasuwar da aka yi wa irin wannan kuskure, ta yaya za su bi wannan hanya? Irinsu ne ke faɗawa hannun masu cewa a ba su kuɗi su "wanke suna". Babu wanda zai iya cire bashin da ake binka da gaske, kuma ba wa baƙo BVN ɗinka haɗari ne babba. Gyaran kuskure kuwa ban biya ko sisi a kansa ba.

Zan ba kowa shawarar ya yi amfani da wannan hidima, musamman kafin ya nemi rance. Sai dai ya duba a kamfanonin uku duka, domin gyaran da aka yi a ɗaya ba lallai ne ya isa wajen sauran ba. Ni ma sai da na sake tura takardun ga na biyu kafin banki ya amince da batun keken.